Karan da Ban Jefa Ba

Kakata ba ta taɓa ganin teku ba. Babban ruwan da ta sani shi ne mayo, wato rafin da ke bayan gonarta a Sahuda, wanda da rani akuya ma ba ta jiƙa gwiwa in za ta tsallake. Amma ni da na yi shekara huɗu a jami'a ina karanta labarin ƙasa, a bakin murhunta na fara jin cewa akwai ruwan da yake tafiya a ƙarƙashin ruwa.

Duk hutun makaranta Mama kan kwashe mu daga Lokuwa, unguwarmu a Mubi, ta kai mu wajenta, wai mu taya ta aikin gona. Gaskiya dai ɓarnar gyaɗa muke zuwa yi. Da an cinye tuwon yamma sai ta tura itace, ta binne dankali a toka, mu kewaye ta. Ni take zaunarwa jikin gwiwarta, don ni ne jikanta namiji na fari, mijinta na wasa. Hausarta ta kasuwa ce, in ta maƙale ta cike da yarenta na Gude.

"Maigida, rufe baki, buɗe kunne," haka take farawa. "In ka yi barci, dankalinka ya zama nawa."

Labarin da ta fi maimaitawa na wasu 'yan mata biyu ne, 'ya'yan ruwan sama, Ɗumi da Sanyi. Uwarsu ta aike su su sauka daga dutse. Ɗumi ta fita hannu rabbana, Sanyi kuwa ta ɗauki dutsen niƙan uwarsu a ka. Suna tafe suna hira har suka isa inda ƙasa ta yanke ta zama gangara. Nauyi ya rinjayi Sanyi, ta zame ta gangara can ƙasa, ta ci gaba da tafiyarta cikin duhu tana bin gindin gangarar. Ɗumi ta waiga ba ta ga 'yar'uwarta ba. Tun ranar take zagaye a wurin tana lalube, kuma duk abin da ya zo wucewa sai ta cafke shi ta tura ƙasa, ya je ya kira mata Sanyi.

"Shi ya sa ba a shiga mayo da ido," in ji Kaka, tana nuna ni da tsinken wuta. "Jefa kara tukuna. In ya wuce, ka wuce. In ya juya ya dawo, Ɗumi yana nema a wurin. Ka ji ko, maigida?"

Nakan ce na ji, idona na kan dankali.

Shekaru bayan haka, wani malaminmu ya zana mana tekun da ke can ƙarshen duniya ta kudu. Ya ce idan saman ruwa ya daskare, gishirin yakan rage a ruwan da ke ƙasa, sai ruwan ya ƙara sanyi da nauyi. Yakan taru a kan tudun da ke bakin nahiya, ya zubo ta gangara zuwa ƙasan teku, ya bi gindinta ya yi tafiyar shekaru. A saman gangarar kuma ruwa yana juyawa, juyi mai faɗi wanda wani ya fi garin Mubi, yana kai ruwa mai ɗan ɗumi inda mai sanyin ya bari. Yanayin gangarar shi ke nuna inda za a sauka da inda za a juya. Na kwashe da dariya a aji har aka waigo. Da na zo hutu na gaya mata, sai ta ce, "Kuɗin makarantan nan da ni aka ba."

Na san mayo ba teku ba ne. Amma abu ɗaya na sani ta hanya biyu, daga bakinta da kuma daga littafi: inda ruwa yake juyawa, ƙasa ta yanke a wurin.

A shekarar 2014 ina koyarwa a wata sakandare, Kaka kuma tana gidanmu a Lokuwa saboda ƙafafunta sun gaza. Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, kowa ya fita da abin da ke jikinsa. Muka sa ta a baro muka nufi Sahuda don mu tsallaka Kamaru. Tayar baron ta fashe a hanya, na goya ta. Washegari da la'asar muka isa wani mayo da ban sani ba, damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, yana da ruwa. Mashigin ya cika da mutane da shanu, ana ture juna. Mama da matata suka kutsa cikin taron da yara. Ni kuwa na hango wani wuri ƙasa kaɗan, ba kowa, ruwan luf. Daga bayanmu ana jin harbi, ko da yake da nisa.

Na sa ƙafa ke nan ta ɗan matse min kafaɗa.

"Maigida, jefa kara tukuna."

Gonar dawa ce a bakin wurin. Kara ko'ina, har ina taka shi.

Na ce, "Kaka, don Allah ki yi shiru. Yanzu ba lokacin tatsuniya ba ne."

Ta yi shiru. Taku shida na yi ruwa na cinyata, a na bakwai babu ƙasa. Sanyin da ya kama ni daga ƙugu zuwa ƙasa ban taɓa jin irinsa ba. Ruwa ya murɗa mu ya shanye mu duka biyu. Wasu Fulani da ke kora shanu ne suka miƙo sanda suka jawo mu. Ba mu da kayan sakewa, ta kwana da jiƙaƙƙen zani a kan dutse. Tari ya kama ta, ƙirji ya riƙe. Kwana shida ta yi a wani ƙauye a tsallaken iyaka.

Ana jibi za ta rasu, Mama tana shafa mata man zafi ta tambaye ta cikin kuka, me ya kai mu wancan wuri bayan ga mashigi. Ina tsugune a bakin ƙofa. Kaka ba ta ko kalle ni ba.

"Ni na ce ya bi nan," ta ce. "Tsufa. Ido ya mutu."

Na tashi na fita.

Da muna yara na ɗauka labarin gargaɗi ne kan mayo kawai. Yanzu na gane abin da take koya mana bai wuce a tsaya ba, tsayuwar da ba ta kai a ƙirga goma ba, ko da ana ganin an sani, ko da tsoro na tura mutum daga baya. Ilimin duk ina da shi a ranar. Abin da na rasa shi ne in saurari tsohuwar da ke bayana.

Mun dawo Mubi, an buɗe makarantu, ina tsayawa gaban allo ina zana gangara da ruwan da ke bin ta. A danginmu kuwa har yau sunana jikan da ya goyi Kaka har Kamaru. Duk Kirsimeti sai Mama ta ba da labarin, ta ce Allah ya ba kowa ɗa irina, a ce amin. Nakan sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce. Shekara uku ke nan ina shirin gaya mata, amma duk ranar da na zauna gabanta sai in tuna in na faɗi gaskiya, na mayar da maganar Kaka ta ƙarshe ƙarya. Sai in tambaye ta jikin, in tashi.