Lemon da Aka Wasa wa Gatari

Ko zan manta da komai a duniya, ban da shekarar da wan mijina ya wasa gatari zai sare mini bishiyar lemo.

Maigidana falke ne, daga nan Maska yake kai turkuɗi, yadin nan mai rinin shuni, ƙasar Nufe. A tafiyarsa ta ƙarshe ya dawo da ƙwayoyin lemo ƙulle a tsumma, ya ce can ya sha irinsa, zaƙi kamar zuma. Muka shuka a bakin fadama, ɗaya ce ta rayu. Ko furenta bai gani ba Allah ya karɓi abinsa. Shekara bakwai ina ɗawainiya da ita.

Da ta yi 'ya'ya, sai ga abu ya fi dunƙulen hannu, ɓawo mai kauri, ga ɗan tsini a ƙasa. Mu kuwa lemon tsami kaɗai muka sani, wanda ake tsinka yana kore, don haka shi ma muka tsinko shi kore shar. Wayyo! Tsami da ɗaci har cikin kunne. Yaya ya tofar, ya ce, "Gadon da ƙanena ya bar miki ke nan? Gobe zan sare, in sa rake a wurin."

Ni kuwa bakina ba ya ajiye magana. Na ce, "Yaya, sai dai ka fara da ni." Ranar na sha kuka, don ita kaɗai ta rage mini daga hannun marigayi.

Wani tsohon madugu da suka yi fatauci tare da marigayi ya ji labari, ya zo ya murza ganyen ya sansana. Ya ce, "Ai na san lambun da ya samo irin. Mai zaƙin tana dab da mai tsami ne, ƙudan zuma na kai kawo tsakaninsu. Wannan ruwa biyu ce, kamar alfadari. Ku bar 'ya'yan su nuna a jikin uwarsu."

Yaya ya ce ya ba ta wata biyu, ba ƙari.

Ana gama yankan dawa suka koma ruwan ɗorawa. Na yanka ɗaya, ƙamshi ya cika gida. Ruwa sharkaf, zaƙi a gaba, ɗan tsami na biye. Yaya ya tsotsa, ya ce, "Kada ki zubar da ƙwayoyin, ina so."

Tun daga ranar ban ƙara auna baƙon abu da abin da na saba ba. Ashe ba komai ake tsinka yana kore ba.