Faifan Sola da Ceɗiyar Inna

Yayana ne mutum na farko da ya kafa sola a garinmu, kuma har gobe in ka zauna da shi sai ya san yadda ya yi ya sako maganar. Zai lissafa maka abin da ta ci masa: ribar tumatir ta rani guda, da bijimin huɗa ɗaya, da kuɗin motar mai haɗawa tun daga Kano. A nan lissafinsa yake tsayawa. Ni ƙanwarsa ce, a gabana aka yi komai, kuma na san abin da yake tsallakewa.

Garinmu yana tsakanin Tiga da Bebeji, cikin garuruwan da aka yanka wa mutanen da ruwan dam ya tasa. An kafa mana turakun wuta tun ina budurwa, waya ce dai ba ta iso ba, sai turakun suka zama wurin ɗaure awaki. Wajen ƙarshen shekarun casa'in Yaya ya samu kasuwar tumatir, kuɗi suka shigo masa fiye da yadda kansa zai ɗauka. Ya sayi babur, ya sake hula, ya fara gaisawa da mutane da hannu ɗaya. Sai kuma aka raɗa masa cewa ya dace da kansila. Ana cikin haka ya je gidan wani abokin cinikinsa a birni, ya ga wani baƙin faifai a kan rufi yana shan rana, da magariba ƙwan lantarki ya kama ba ƙarar inji ba warin mai. Tun daga ranar Yaya bai sake maganar komai ba sai sola.

A tsakar gidanmu, daf da bayan zaure, akwai wata ceɗiya. Mahaifiyarmu, Inna, ita ta dasa ta. Ranar da motar gwamnati ta zo kwashe su daga tsohon gari, mata suna ta fama da tukwane da turame, ita kuwa sai da ta je ƙofar gidan mahaifinta ta saro reshen ceɗiyar da ke wurin, ta riƙo shi a hannu har sabon matsuguni. Gidan da kabarin iyayenta duk suna ƙarƙashin ruwa yanzu. Reshen nan ya kama, ya girma ya rufe rabin tsakar gida da rufin zaure. A gindinsa Inna take wuni. Nan take sallar walaha, nan take ɓarar gyaɗa, nan tsofaffin matan tsohon gari suke taruwa bayan azahar suna hirar waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage.

Ni ina aure a bayan kasuwa, kullum nakan leƙo in gaishe ta. Ranar da mai haɗa sola ya zo duba gida ina nan. Ya zagaya, ya ɗaga kai, ya ce wuri biyu ne. Ko dai a ɗora faifan a kan ɗakin ajiya da ke can ƙuryar gida, inda rana take duka tun safe har yamma, sai dai a ƙara waya. Ko kuma a kan zaure, amma sai an yi maganin inuwar bishiyar nan, don faifan ba ya shiri da inuwa.

Yaya ya tambaya, “In an sa a ƙurya, daga titi ana hangowa?”

Mutumin ya ce a'a.

Yaya ya ce ai ƙarin wayar nan ɓarnar kuɗi ce. Mutumin da ya sayar da bijimi sukutum don ya kunna ƙwai biyu, shi ne yau yake tsimin waya! Ko yaron goye ya san ba waya ce damuwarsa ba. So yake duk wanda ya biyo hanyar kasuwa ya ɗaga kai ya ce, gidan wa ke nan?

Inna tana zaune a tabarmarta duk abin nan, tana ji. Ba ta ce uffan ba, kuma ba za ta ce ba, domin Yaya ɗan farinta ne. Irin matan da ne masu kunyar ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son wani abu a wurinsa sai ta aika ni, ko da kuwa yana tsaye a gabanta. Yaya ya san wannan sarai, a ciki ya tashi.

Bayan sun fita ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa. “Ki ce da yayanki, in rana yake so, a rage wa bishiyar kai ta wajen zauren. Kada a taɓa gindin.”

Na same shi a ƙofar gida yana goge babur. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na isar da saƙo.

Ya ce, “Ceɗiya ce fa. Yau ka sare reshe, damina ɗaya ta mayar. Kullum ina kan hayar mai gatari ke nan?”

Na ce, “To Yaya, a kai faifan ƙurya mana.”

“Ke me kika sani a harkar lantarki? Kuma ai a gabanta na yi maganar, ba ta ce komai ba.”

Na ce, “Yaushe ta taɓa ce maka komai tun da ta haife ka?”

Ya ce ni ce mai ƙara wa magana gishiri, in koma gidan mijina in yi iko a can. Na tashi raina yana tafasa. Abin da ya fi ƙona ni shi ne yadda ya ɗauki kunyar da take yi masa, wadda girmamawa ce, ya mai da ita izini.

Masu gatari suka zo da hantsi wata ranar Laraba. Inna ta yafa mayafinta ta ce za ta je barkar haihuwa a unguwar masunta, barkar da ta riga ta je. Ni na tsaya, don ina so in gani da idona. Farin ruwan ceɗiya yana ta ɗiga a jikin gatari, Yaya yana tsaye da hannu a ƙugu yana ba da umarni, shi da bai taɓa faskara ko itacen girki ba. Kafin la'asar tsakar gida ta zama fili fetal. Da Inna ta dawo ta tsaya a bakin zaure, ta dubi kututturen, ta wuce ɗakinta ta saki labule.

Washegari aka ɗora faifan. Wallahi da na gan shi sai da dariya ta kusa ƙwace mini don takaici, bai fi tabarmar sallah ba. Wannan ɗan abin aka kayar wa bishiyar da mutum biyu ba sa iya rungumewa. Aka ajiye batir a zaure, aka ja ƙwai ɗaya ƙofar gida, ɗaya cikin zaure, aka jona talabijin marar kala. Da magariba gari ya taru, Yaya ya sa babbar riga ya danna makunni, aka yi kabbara. Talabijin ɗin kan yi aiki har a fara labarai, sai hoton ya tsuke ya mutu, Yaya ya ce wa jama'a ai yau an yi gajimare. Kullum da safe kuma sai ya kafa tsani ya hau goge faifan da kansa, kuma bai taɓa hawa ba sai lokacin da hanya ta cika da masu tafiya kasuwa.

Sannan bazara ta shigo. Tsakar gidan nan ta zama kamar tanda, ko kaza ba ta tsayawa. Inna ta gwada zama a jikin katanga, tana jan tabarma tana bin 'yar inuwar da ke gudu, har ta gaji. Ɗakinta rufin kwano ne, da rana ba ya shiguwa. Ƙawayenta suka zo suka rasa wurin zama, suka gaisa a tsaitsaye suka tafi. Daga baya suka koma taruwa a wani gida can gefen gari, inda ƙafar Inna ba ta iya kai ta. Na zo wata azahar na tarar da ita ita kaɗai a bakin ƙofa, ta jiƙa ɗankwali ta ɗora a ka, gyaɗarta a gefe ba ta ɓare ko ɗaya ba. Na juya baya na yi kuka.

Da na yi wa Yaya maganar, sai ya ce ya ji, zai faranta mata. Ya sa aka ja waya har ɗakinta aka rataya mata ƙwai. Wayar da ya ce ɓarnar kuɗi ce, ga ta an ja ta ta ratsa tsakar gida. Ya bi gari yana faɗa cewa uwarsa ce tsohuwa ta farko da ta kwana da lantarki a ƙasar nan.

Ba a rufa wata ba, ina tankaɗe da rana tsaka sai ga Inna ta yi sallama, ƙullin kayanta a ka. Akwai darbejiya a gidan mijina. Ta shimfiɗa tabarma a gindinta ta zauna, ta ce in ba ta ruwa. Mijina ya rasa inda zai sa kansa don nauyi, ya kwashe kayansa daga ɗakin da ke kusa ya ba ta. Kowa ya san abin da ake nufi in uwa ta bar gidan ɗanta namiji, babba, mai hali, ta koma gidan suruki. Kafin Juma'a maganar ta gama gari, a masallaci ma dattawa sun tare Yaya.

Shi ya sa ya zo, ba don komai ba. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa da tabarmarta, ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon gefe. Ya ce ta yi haƙuri ta koma, mutane suna zaginsa, ga zaɓe ya matso. Ya ce in ƙwan bai ishe ta ba zai ƙara mata wani, har fanka zai sa mata in ya ƙaro batir.

Inna ta juyo wajena, ta yi maganar a hankali.

“Ki ce da shi na gode. Ki ce da shi ni da dare barci nake yi, da rana nake zaune.”

Na buɗe baki zan maimaita, na ga babu amfani, ya ji. Ya daɗe a durƙushe yana jiran ƙarin magana, ita kuwa ta jawo ƙwaryar gyaɗa ta ci gaba da ɓara. Daga baya ya sa takalminsa ya fita.

Ba ta koma ba. Damina biyu ta yi a wurina, a ɗakin nan Allah ya karɓi abinsa, kuma daga gidan suruki aka ɗauki gawarta.