Ganyen Kaka da Ɓerayen Jami'a

Daga Kafanchan har Manchok babu wanda ya kai ni sanin itatuwa. Haka nake faɗa a lokacin, kuma da ƙarfi nake faɗa. In na bi ta daji, ganyaye har rusuna mini suke yi. Dalilina ɗaya ne: ina yaro ni nake riƙe wa kakarmu kwando idan za ta ɗebo magani. Cewa rabin tafiyar ina bin fara ne, wannan ban taɓa sa shi cikin labarin ba.

To, 'yar yayata tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun haɗa magunguna. Aikin da zai ba ta damar gamawa shi ne ta gwada wani ganye da kakarmu take ɗaura wa masu kumburin gwiwa. Za a shanya shi a inuwa, a daka, a jiƙa, a tace, a ba ɓerayen da aka kumbura musu ƙafa, a riƙa auna ko kumburin ya sauka. In ba ta miƙa sakamako cikin wata guda ba, sai baɗi.

"Kawu, ka tabbata ka san ganyen?"

"Yarinya, ni da ganyen nan tare muka yi yaye."

Washegari na hau acaɓa zuwa Kagoro, na kama dutse da tumbina. Na hau har na fara jin ƙamshin girkin mala'iku. Can na ga wani ganye mai faɗi, mai kwarjini, irin wanda ya dace da jami'a. Na cika buhu. Wajen saukowa santsi ya ɗebe ni, ni da buhun muka yi tsere, buhun ya ci.

Kwana goma ganyen yana shan inuwa a falo, ni ina shan ciwo a kujera, gwiwata ta zama kamar kabewa. Da ya bushe, na ce wane ni da turmi, muna zamanin inji? Na aika da shi injin niƙa na kasuwa. Wanda ya san garinmu ya san abin da injin nan yake ci tun safe har yamma: citta. Garin ya dawo da ƙamshi mai daɗi, na ce wannan ƙarfin maganin ne. Na aika mata rabi a mota, rabi na kwaɓa na shafa a gwiwa. Gwiwar ta yi zafi, ta ƙara girma, na ce ciwon ne yake haɗa kayansa.

Ranar Asabar sai ga yarinya da jakarta, ido ya yi ja.

"Kawu, malaminmu yana buɗe leda ya yi atishawa sau bakwai. Ya ce shayi ya aike ni in haɗa wa ɓeraye?"

Na so in yi dariya, amma na fasa. Saura mata kwana goma sha shida.

Ranar Lahadi bayan sujada, ƙanwar babanmu ta biyo duba ƙafata. Tsohuwa ce da ta ba tamanin baya, ba ta gani sosai, amma hancinta ya fi na kare. Ta shinshina garin, ta murza ragowar ganyen da ke buhu.

"Wa ya ɗebo wannan?"

"Ni ne, Mama. Daga can ƙolin dutse."

"Sannu da hawa. Ko akuya ba ta cin sa."

Ta dogara sandarta, ta zaga bayan banɗakina, ta dawo da wani ɗan ganye ƙanƙane, mara fasali, wanda duk damina nake bi da fartanya ina tsine masa. Ta ɗumama shi a wuta ta ɗaura mini. Yarinya kuwa ta durƙusa ta tsince duk wanda fartanyata ta manta, ta shanya a ɗakin matata, ta kulle ƙofa, ta rataya makullin a wuya. Sabon turmi ta saya, ta daka da hannunta. Ko leƙe ba a bar ni na yi ba.

Ɓerayen dai sun samu sauƙi, ba kamar yadda na so in ba da labari ba, amma daidai yadda za a rubuta a takarda. Ta miƙa aikinta ana saura kwana biyu. Gwiwata ma ta sauka, ko da yake matata ta ce zaman da na yi wuri ɗaya ne.

Ranar da aka yi godiya a coci, an dawo gida ana cin shinkafa, na miƙe na yi wa baƙi bayani cewa ganyen da ya girgiza jami'a a gidana yake, ni na rene shi shekara ashirin.

Tsohuwa ba ta ko ɗago kai daga kwanonta ba.

"Ka rene shi? Ɗana, shekara ashirin kana kashe shi, Allah yana tashe shi. Ka gode wa lalacinka, da ka iya noma da yarinyar nan ta maimaita aji."