Allon da Ya Ba Alƙibla Baya

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Muntari Adam Abdulmuttalib a gidansa da ke Kambon Malam Bello, kudu da Managil, bayan zazzaɓin kwana biyar. Shekarunsa hamsin da huɗu. Ɗan kawuna ne, taubashina, na girme shi da shekara tara. Ni na yi masa salla, kamar yadda nake yi wa duk mamacin garin nan shekara ashirin ke nan, amma ban taɓa tsayawa gaban gawa ina jin kunyarta ba sai tasa.

Muntari, mutane sun roƙe ni in rubuta wani abu a kanka don 'yan'uwanmu da ke Jidda da Damazin da Gadarif. Suna jiran yabo, kuma za su samu. Sai dai akwai maganar da ta fi yabon nauyi a wuyana, kuma yau sai na sauke ta.

Wanda bai san kambonmu ba, wato ƙauyen leburorin gona, ga yadda yake. Mu leburorin auduga ne, 'ya'yan leburori. Wutar lantarki ba ta taɓa shigowa garinmu ba. Rijiyarmu ɗaya ce, a harabar masallaci, da tsohon inji mai shan jaz, man dizal ke nan, wanda ke tura ruwa zuwa sahrij, wato babban tankin gari. Ranar da jaz ya yanke, mata su ɗauki jarkoki su nufi tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki, inda jakuna ke sha, inda yaranmu ke kwaso tsargiya.

Kai ka yi shekara goma sha ɗaya a Rusairis kana bin masu gyaran wayar lantarki, ka dawo da akwatin ƙarfe cike da kayan aiki da magana ɗaya a bakinka: rana. Muna cirar auduga zufa na shiga mana ido, sai ka miƙe ka nuna sama ka ce, "Ku duba jaz na zuba bisa kanmu kyauta, mu ko muna bin layi Managil!" Ni na fara yi maka dariya. Ni na laƙaba maka "Muhandis", wato injiniya, cikin wasan taubasantaka, ka karɓa kana murmushi. Kai ne ka haɗa wa Iya Halimatussa'adiya, unguwarzomarmu, ɗan ƙaramin firji mai aiki da rana don maganin haihuwa, ba ka karɓi ko shayi ba. Ta sha faɗa cewa ba ta ƙara zubar da allura saboda zafi ba tun ranar.

A shekarar 2021 samarinmu na Jidda suka haɗa hannu, suka wakilta ka ka je Madani ka sayo faranti goma sha biyu masu tara hasken rana, da famfon da za su juya. Larabawa "loh" suke ce wa farantin nan. Mu kuwa da muka ji loh, sai muka ce allo, domin kalmar ke nan tun a makaranta. Sunan ya zauna: allunan Muntari. Ka kafa su kusa da rijiya, kusan a kwance, fuskarsu kudu, sannan ka koma Madani ɗauko wani ƙarfe da ya rage.

Kwana biyun nan da ba ka nan na yi ɓarnata. Na fito daga sallar la'asar na tsaya ina kallonsu, raina ya ɓaci. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa, fuskarsu Makka, a hanya suka zauna nan. Mu ba mu miƙe ƙafa zuwa alƙibla, ba mu tofa yawu can. To ga abu a harabar masallaci, ana ce masa allo, ya juya wa alƙibla baya. Na ce ba a idona ba. Ni ne shugaban kwamitin masallaci, ba wanda zai ce mini a'a. Na kira mai walda, na sa ya yanke ƙafafun ya tayar da su tsaye kamar yadda ake jingine allo a bango, fuskarsu arewa maso gabas. Dattawa suka ce ma sha Allah.

Da ka dawo ba ka yi magana a gaban jama'a ba. Ka bari aka watse, ka same ni a zaure ni kaɗai, ka durƙusa ka ce, "Yaya Malam, wanga allo ba irin naka ba ne. Naka tawada shika sha, wanga rana shika sha. In ka ba shi alƙibla, hantsi na yi shi gama karatu."

Na ce, "To Muhandis, yau kai za ka koya mini allo?"

Ka ce, "A'a wallahi, Yaya. Ruwa nika jiye muna."

Na ce ka tashi ka ba ni wuri, kuma kada in ji maganar nan a waje. Ka tashi. Ba a ji ta a waje ba, har ka mutu.

Abin da ka faɗa shi ya faru. Da safe famfo ya yi ta tura ruwa, rana na ɗagowa ya fara shaƙewa, kafin azahar ya yi shiru. Sahrij bai taɓa cika ko rabi ba. Sai muka ci gaba da tayar da tsohon inji da rana, kamar da. Mutane suka nemi mai laifi, ba su nema da nisa ba. Aka ce tsofaffin alluna ka sayo. Aka kai maganar Jidda. Aka zauna a kwamiti aka karɓe makullin rijiya da allunanta daga hannunka aka ba ni. Ina zaune a kan buzuna ina jan tazbaha ana ci maka mutunci, ka ɗago ka dube ni sau ɗaya, na kawar da kai. Daga ranar yara suka sa maka "Muntari Ruwan Hantsi". Har a bakina sunan ya taɓa fita, aka yi dariya, na ce ai wasa ne na taubasai. Tir da wannan wasa.

Sai yaƙi ya iso yankinmu na Jazira a ƙarshen 2023. Jaz ya ɓace ɗungurungum, inji ya mutu. Mutanen da suka gudo daga Madani suka cika makaranta da inuwar bishiyoyi, bakuna suka ninka, ruwan hantsi bai kai ko'ina ba. Aka koma tur'a. Kai kuwa da ɗan allon da ke kan rufin ɗakinka kake cika wa baƙi wayoyinsu, tun safe har yamma, don su nemi 'yan'uwansu. Na ga wata tsohuwa ta riƙe hannunka tana kuka ranar da ta ji muryar ɗanta.

Sau biyu ka zo mini a watannin nan. Na biyun ka ce, "Yaya, ba ni makulli wuni guda. Ba ni cewa kowa komi." A lokacin, wallahi, na riga na gane gaskiyarka. Na tambayi wani malami daga cikin masu gudun hijira, ya yi mamaki ya ce ai ƙarfe ne da gilashi, ba ruwansa da alƙibla. Amma in an juya su ruwa ya zo, kowa zai san wa ya hana shi zuwa shekara biyu da rabi. Na ce maka sai kwamiti ya zauna, ban kuwa kira kwamiti ba. A tsakanin nan muka binne yara biyu da gudawa ta ɗauke. Allah ne Ya san ajalinsu. Amma ni na san inda makulli yake lokacin da uwayensu ke ɗibar ruwan tur'a: a aljihun rigata yake.

A watan Yunin 2024 wata guguwa ta taso da la'asar ta kayar da allunan, ta lanƙwasa ƙafafunsu. Ba mai iya tayar da su sai kai, dole aka kira ka. Kai da 'yarka Raihana, malamar makarantarmu, wadda ka koya wa aikin, kuka wuni kuna fama. Ka kwantar da su fuskarsu kudu. Da wani ya tambaya, ka ce ƙarfen ya raunana, haka kawai zai iya tsayawa. Washegari ruwa ya zo da safe, ya wuce hantsi, ya wuce azahar, kafin la'asar sahrij na ambaliya, mata na guɗa. A makon kuwa ina ta alƙunutu a masallaci saboda ƙuncin da ake ciki. Sai gari ya ɗauka cewa addu'ar Malam ce ta gyara abin da Muntari ya lalata. Mutane suka yi ta zuwa suna sumbatar hannuna, ina miƙa musu. Kai ma ka zo cikin layi, ka kama hannun ka ce, "Allah shi ƙara albarka, Yaya." Na duba fuskarka ko zan ga gori, ban gani ba. Da ka zage ni, da na fi samun sauƙi.

Na yi ta cewa gobe zan faɗa, Juma'a mai zuwa zan faɗa. Wata goma sha shida ina faɗin haka. Zazzaɓin kwana biyar ya riga ni.

Da ruwan sahrij muka wanke ka. Ranar uku, muna zaman makoki a ƙofar gidanka, Alhaji Osman, dattijon kwamitinmu, ya matso da kyakkyawar niyya ya ce, "Malam, tunda an samu mai walda, mu maida alluna alƙibla yadda suke, ya zama sadaka ga mamaci. Ko Allah Ya yafe mishi abin da ya yi." Raihana tana bakin ƙofa da butar shayi. Ta dube ni kawai, irin duban da ka yi mini ranar da aka karɓe makulli. Wannan karon ban kawar da kai ba. Na miƙe, na faɗa wa jama'a duk abin da na rubuta a nan. Na ciro makullin na miƙa wa Raihana.

Don haka ku da ke nesa, ku ji daga bakina. Allunan da Muntari ya sayo sababbi ne, masu kyau ne. Bai ci amanar kowa ba. Ni na juya su, ni na hana a gyara, ni na karɓi yabon da yake nasa. Duk wanda ya taɓa kiransa Ruwan Hantsi ya nema masa gafara, ya kuma nema mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Mu'minat, da 'ya'yanka Raihana da Nuraddeen da Mahadi, da dukan zuriyar Adam Abdulmuttalib. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Ban roƙe ku ku yafe mini yau ba, ban cancanta da gaggawa ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Muntari. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka rufa masa asiri ranar tsayuwa kamar yadda ya rufa nawa. Duk maƙogwaron da ya jiƙe daga wannan sahrij, na mutum ko na dabba, Ka sa a mizaninsa, Ka shayar da shi daga Alkausara. Amin.

Muntari, da hannuna na kwantar da kai a kabari, na juya fuskarka alƙibla. Allunanka suna nan inda ka bar su, fuskarsu kudu, kuma muddin ina raye ba wanda zai taɓa su.