Mashigin da Ya Zo Na Ɗaya

Abin da na saka a wannan sha'ani ba shi da wuyar lissafi. Ƙauye ɗaya ne a bayan Kuki, gidajensa ba su kai arba'in ba. Sai mashigi ɗaya a kan rafi, wanda ni da mutanen ƙauyen muka jera wa duwatsu da hannunmu. Sai buhuna ɗari da hamsin masu jan zare a baki, waɗanda nake kaiwa zauren mai unguwa duk shekara tun wake yana fure.

Ajiye buhunan nan shi ne yarjejeniyarmu. Muddin suna zauren, ba mai auna wake a garin sai na zo na gani na yi tayi. In mun daidaita in ɗauka, in ba mu daidaita ba su kai kasuwar Kurfi. Sama da shekara goma ba su taɓa kaiwa ba. Rabin abin da nake ciyar da gidana daga nan yake fitowa.

Ni ban gaji hatsi ba. Da tiya ɗaya da aron tabarma na fara a kasuwar Dutsin-Ma, kuma tun da wuri na gane cewa farashi kowa ya san shi, abin da ke raba ɗan kasuwa da ɗan'uwansa shi ne hanya. Ƙauyen nan ta babbar hanya zagaye ne mai nisa, ga rairayi, babu direban da yake son sa. Amma ta mashigin, in ka san inda duwatsun suke a ƙarƙashin ruwa, kafin rana ta yi zafi ka shiga ka fito da lodi. Ban taɓa nuna wa kowa ba. Su ma ba su so a sani, domin a zamanin nan ba kowane baƙo ake so ya san bayan gari ba.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, mai shagon waya kusa da tasha. Tare muka tashi, tun muna yara yake kirana bawansa, ni kuma ina ce masa ragon gidan kawu. Shi ya buɗe wani guruf a waya saboda direbobi da 'yan hatsi da 'yan dabbobi. Tsarin mai sauƙi ne. Duk wanda ya bi wata hanya da damina sai ya ɗauki bidiyo yana bayani: nan kwalbati ta karye, nan laka ta kai gwiwa, nan a bi ta gefen gonar dawa. Shi kuma ya liƙa bidiyon a kan taswira daidai wurin. Ba a biyan kowa. Ni kaina na tura da yawa, na hanyar Dabawa, na wasu kwanonin hanya tsakaninmu da Kurfi. Akwai ranar da bidiyon wani tsohon direba ya hana motata faɗawa rami da buhunan masara cike da ita. Saboda haka ban raina abin ba.

Da farko sabon bidiyo shi ke sama, domin hanyar damina ta jiya ba ita ce ta yau ba. Daga baya taubashina ya kawo gasa. Kowa ya danna babban yatsa a kan wanda ya burge shi, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci shi ya fitar da goma na sama, na ɗaya kuma a kafe shi a kan guruf har mako ya zagayo. Nan da nan abin ya canza kama. Samari suka fara ɗaukar faɗuwar rana a kan dam, wasu suna sa kiɗa, wasu suna kwaikwayon muryar masu labarai. Tsohon direban nan da hannunsa ke rawa, wanda ba ya faɗin komai sai gaskiyar hanya, bai taɓa shiga goman ba.

Na sami taubashina a shago na ce, “Kai, wanda ya fi ban dariya ake nema ko wanda zai fitar da mota?”

Ya ce, “Bawana, kai awo ka sani. Da mu nawa ne a ciki? Yanzu har mutanen Katsina da Funtua suna roƙo a sa su.”

Gaskiya ya faɗa. Na kuma lura shagon ya fi da cika, ana zuwa a sa mutum a guruf, a sayi caja a tafi.

A daminar da abin ya faru, mutanen ƙauyen suka haɗa hannu na sayo musu taki. Motar da za ta kai daga Kurfi za ta taso, direban bai san wurin ba, ni kuma tafiya Kano ta kama ni wadda ba ta ɗaguwa. Na je na gaya wa mai unguwa. Dattijo ne mai ƙarancin magana, yana saƙar igiya muna zancen.

Na ce, “Baba, sai dai in ɗauki hanyar a waya in ba direba.”

Ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, “Shi kaɗai?”

“Shi kaɗai.”

“In ya sauke ya goge.”

Na ce in sha Allahu.

Washegari na hau babur, waya a ɗaure a ƙirji, na taso tun daga kwanar Kuki ina bayani. Na nuna inda ake barin sawun shanu a kashe hagu. A bakin rafi na ce a saita hancin mota da kukar da ke tsallake, kada a kauce ko taku ɗaya, duwatsun suna nan ƙasa. Ina tsakiyar ruwa sai ga jakin wani mai itace ya shigo ta ɗaya gefen, ya tsaya a kan duwatsun, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na yi masa hon, ya kalle ni. Na ce, “Ranka ya daɗe, hanyar ta gwamnati ce ko ta gidanku?” Ya buɗe baki ya yi kuka a fuskata. Ƙafata ta zame, na zauna a ruwa da babbar riga, mai itacen yana ta ba ni haƙuri yana dariya. Duk wayar ta ɗauka. Ta kuma ɗauki shigata gari, da layin rumbunan da ke bayan masallaci, da muryata ina cewa a sauke takin a nan, kusa da inda ake tara wake.

Bidiyon ya yi nauyi, wayar direban ƙarama ce, ya ƙi tafiya. Na kai wa taubashina ya rage shi. Ya kalla, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Na ce, “Ka yanke wurin jakin, ka tura wa direba, ka goge naka. Amanar mutane ce, ba tawa ba.”

Ya ce, “Haba Alhajin wake, ni za ka yi wa wa'azi?”

“Da gaske nake. Wannan ba na guruf ba ne.”

Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, “Na ji. Wuce ka tafi Kanonka.”

Taki ya isa lafiya, direban ya kira ni ya ce ko tayarsa ba ta nutse ba, kuma ya goge a gaban mai unguwa. Ranar Juma'a ina Kano, na fito daga masallaci na kunna waya, sai kira ya fara shigowa. Na farko wani ɗan hatsi ne, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, “Ranka ya daɗe, hanyar ta gwamnati ce?” ya fashe da dariya. Na buɗe guruf. Ga ni a sama, a kafe, na ɗaya. Ba a yanke komai ba. An ma ƙara kibiya ja a kan kukar, an liƙa shi a taswira daidai bakin mashigin.

Da na dawo, daga tasha ban je gida ba, shagon taubashina na wuce. Akwai mutane, suna ganina suka hau tafi. Na ja shi bayan kanta.

Na ce, “Me na ce maka?”

Ya ce, “Ka ga yawan yatsun kuwa? Tun da aka buɗe guruf ba a taɓa samun irinsa ba.”

“Na ce me na ce maka?”

“Wasa ne, bawana. In ban yi maka ba wa zai yi maka?”

“Cire shi yanzu.”

A nan fuskarsa ta koma ta ɗan kasuwa, na kuwa san irin fuskar domin ni ma ina da ita. Ya ce ko ya cire ya riga ya bazu a wayoyin mutane. Ya ce kuma doka ce shi ya kafa ta, abin da jama'a suka zaɓa ba a sauke shi sai wani ya fi shi, in ya taɓa za a ce yana son kai. Na dube shi, na ga ba mantuwa ya yi ba, ba kuma zolaya ba ce. Ya auna ni ya auna guruf ɗinsa, ya ga wanda ya fi nauyi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu inda zan kai ƙara. Na gaya wa kawu, ya yi murmushi ya ce tsakanin taubasai ba a shiga. Innata ma cewa ta yi, “Kai da ɗan'uwanka, a kan jaki?” Da baƙo ne ya yi mini, da kowa ya kira abin da sunansa. Shi kuwa ya san rigar da zai sa, ya sa ta.

Ban jira labari ya riga ni ba, na tafi ƙauyen. Amma ya riga ni. Wani da ya dawo daga cin kasuwa ya nuna musu. Na tarar da mai unguwa a zaure, buhunana a jibge a kusurwa inda na bar su. Na faɗa masa yadda aka yi, ban ƙara ba ban rage ba. Ya saurara har na gama.

Ya ce, “Muryar taka ce dai?”

Na ce tawa ce.

Ya ce, “To.” Ya sa aka kawo mini fura. Muka yi zancen ruwan sama.

Kafin wake ya bushe baƙi sun fara zuwa. Wasu 'yan hatsi ne, suna tsayawa a bakin rumbu suna tambayar farashi. Wasu samari ne da suka zo ɗaukar hoto da jakin. Wasu kuwa ba wanda ya san abin da ya kawo su, su shigo a kan babur, su zagaya, su fita ba su gaisa da kowa ba. Ba abin da ya faru, alhamdu lillahi. Amma mata sun daina zuwa rafi su kaɗai, magidanta kuma suka fara kwashe hatsi daga rumbu suna shigarwa ɗaki. Duk wannan lokacin bidiyon yana sama. Mako ya zagayo, wani ya zagayo, ba wanda ya ture shi. Taubashina har lambar shagonsa ya rubuta a ƙasansa.

Ranar kasuwar Kuki ina zaune a rumfar wani abokina sai ga mai itacen nan da jakinsa. Ba itace ya ɗauko ba. Buhunana ne, an ninke su goma-goma, an ɗaure da sabuwar igiya, saƙar da na sani. Ya sauke a gabana, ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa.

Ya ce, “Baba ya ce a gaishe ka. Ya ce a ƙirga a gabanka.”

Na ce ba sai an ƙirga ba.

Ya ce, “Ya ce ba faɗa. In ka zo gari, gidanka ne.”

Na tambaye shi ta ina ya biyo, don na ga ƙafafun jakin a bushe. Ya ce ta zagaye. Mashigin babu shi. Sun taru da safe sun kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya, sun zuba a gindin kukar. Wasu daga cikin duwatsun nan ni na ɗauko su a kaina.

Bayan 'yan kwanaki wata motar 'yan hatsi daga nesa ta bi bidiyon, direban ya saita hancinta da kuka kamar yadda muryata ta ce, ta nutse har gindi. Sai da aka nemo tarakta. Tsohon direban nan mai rawar hannu ya je ya ɗauki wurin, ya ce jama'a a daina bi, hanyar ta mutu. Na duba nasa a ranar Juma'a. Bai shiga goma ba. Nawa yana nan na ɗaya.

Na fita daga guruf ɗin. Da taubashina muna gaisawa a suna da jana'iza, yana ce mini bawana, ina amsawa da sunansa na yanka. Wayata kuma wani shago nake kai ta.

Waken shekarar, na ji, a Kurfi suka sayar, buhu-buhu a kan amalanke ta doguwar hanya, kuma ba su samu abin da nake ba su ba. Ni na cike gurbin da waken kasuwa, wanda kowa ya taya kafin ni. Da na zauna na yi lissafin kaka, ga abin da ya fito. Ƙauye ya tafi, mashigi ya tafi, ɗan kawu ya tafi. Buhuna ɗari da hamsin sun dawo cif, ko ɗaya bai ɓata ba, suna sito har yanzu da igiyarsu ban kwance ba. Abin da na samu a kai shi ne, daga Dutsin-Ma har Kurfi, in na shiga kasuwa sai wani ya ɗaga murya ya tambaye ni ko hanyar ta gwamnati ce.