Garin Silin Da Muka Tankaɗe A Tudun Kaya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kun ji ni tsit tun kafin azumi. Masu cewa Hajiya Binta ta yi fushi, wallahi ba fushi ba ne, numfashi nake nema. Yau ma tsoro ne ya sa ni rubutu, kuma ba don kaina ba, don ƙanwata Talatu.

Da haki abin ya fara. In na share ɗaki sai na zauna na huta. Sai ciwo a haƙarƙarin dama, kamar an ɗaure ni da ɗankwali an ja. Na sha maganin sanyi, aka gwada ni tarin fuka, babu.

A asibiti a Kano aka yi hoton ƙirji, aka ce ruwa ya taru. Suka soka allura ta baya suka zuƙe, ina kallon sa yana gangarawa cikin roba. Ya sake taruwa. Sai suka yanki 'yar tsoka aka kai gwaji.

Da sakamako ya fito, likitar da ke duba ni ta ce, "Mama, kin taɓa aiki a masana'anta?"

Na ce, "Ni? Alli na riƙe har na yi ritaya."

"Mahaifinki fa? Gini, rufi, silin?"

Nan na tuna, na ba ta labari.

Babanmu kafinta ne a Tudun Kaya. A shekarun 1970 shi ake ɗauka sa silin a sababbin azuzuwa, daga Karaye har Rogo. Da zarto yake yanka shi, gari na zuba fari tas. Innarmu ta ce wannan ai asara ce, ga farar ƙasa Allah ya kawo har gida. Baba ya riƙa kwaso mata garin da gutsattsarin a buhu. Ni in daka a turmi, Talatu ta tankaɗe da rariya, a dama a shafe ɗaki kafin Sallah. Maƙwabta har da kwano suke zuwa roƙo. Girarmu ta yi fari fat, muna tsokanar juna da "tsohuwa".

Likitar ta ajiye biro. Ta ce silin ɗin asbestos ne. Ƙurarsa ƙananan zaruruwa ce, in an shaƙa sai su maƙale a tantanin da ya lulluɓe huhu, su yi shekaru masu yawa shiru, sannan su tashi da ciwon daji mai suna mesotiliyoma, shi ne gwajin ya nuna a jikina. Ta ce ba mai yankan kaɗai ba, har mai kaɗe masa riga da mai wanke ta.

Na ce, "Mai tankaɗe fa?"

Ta gyaɗa kai.

Innalillahi. Baba da haki ya rasu, aka ce asma ce.

Na sha ƙarin ruwan maganin daji. Amai, gashi ya zube, abinci kamar toka a baki. Gonar gado ta tafi a kuɗin magani. Yanzu ruwan ya daina taruwa, ina salla a tsaye. Ba a ce na warke ba, cewa aka yi an riƙe shi. Alhamdulillahi. 'Ya'yana, ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a, Allah ya saka da alheri.

Don Allah, mai tsohon silin ko rufin asbestos kada ya fasa, kada ya yanka, kada ya share ƙurarsa a bushe. Wanda ya taɓa wannan aiki, ko aka yi shi a gidansu, ya faɗa wa likita ko ba a tambaye shi ba.

Ɗazu na kira Talatu a Ruwan Bago, inda take aure. Fuskarta ce a kan rariyar nan, ba tawa ba.

Ta ce, "Kai, Yaya, kin cika tsoro! Lafiyata ƙalau."

Ina jin numfashinta a wayar, sama-sama.

Na ce, "Daga ina kika taso?"

Ta ce, "Ba nisa, Yaya. Daga bakin murhu."

Ɗana ya kama hanyar ɗauko ta a kai ta asibiti. Ku sa Talatu a addu'a.