Kwamfutar da Ba Ta Buɗe Ƙofa Sai an Amsa Mata Sallama

Laraba: Zariya zuwa Kaduna

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na fito daga gidanmu a Limancin Kona ana yayyafi. Inna ta biyo ni har zaure ta cusa mini ƙullin dambun nama a jaka, kan faya-fayan disket ɗina, na ce wayyo Inna maiƙo zai ɓata su, ta ce to su ma su ci. Ɗan acaɓa ya sauke ni a Ɗanmagaji shida saura kwata. Can na tarar da Mama Rifkatu ta riga ni isowa daga Wusasa da ƙafa, da lemarta da jakarta, da wani littafin rubutu na 'yan firamare a hammata.

Bari in faɗi abin da ya fito da mu. A shekarun casa'in ni da ita kaɗai ne a ɗakin kwamfuta na wata ma'aikatar rumbunan hatsi, hedkwata a Zariya, rassa a Kaduna da Jos. Ita ta fara aiki tun zamanin da ake huda kati a ba kwamfuta umarni, ba digiri ba difloma, a gaban inji ta koyi komai. Ni kuwa fitowata daga jami'a ke nan, kaina ya fi hulata girma. Muka rubuta wani firogiram da muke kira Mai-gwaji. Aikinsa ya buga tarho zuwa kwamfutar reshe, ya shiga, ya ba ta umarni ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko amsarta daidai ce. Ni na tsara shi irin na zamani: a rubuta uwa guda mai ɗauke da dukkan dabarun, kowace kwamfuta a yi mata ɗa da zai gaji uwar. A kan kwamfutarmu yana tafiya sumul. Da ya kira Kaduna ko Jos sai layi ya katse.

Sabon shugabanmu, Injiniya Bello, ya ce laifin ɓangaren buga tarho ne, wanda Mama ta rubuta. Ya ba mu zuwa Litinin. In bai yi ba, za a mayar da ita ɗakin tafireta, a kawo mai takarda. Na ji wannan magana a gabana, ban ce uffan ba.

Fijon da muka shiga ta cika shida da ashirin. A wani shinge bayan Jaji ɗan sanda ya ɗaga disket ɗaya yana hange ta cikin ramin tsakiyarsa, ya ce, "Wa ya yi waƙar?" Mama ta nuna ni ta ce, "Ga mawaƙin nan, ranka ya daɗe, sai dai har yanzu ba wanda ya taka rawa." Mota duka aka kwashe da dariya. Kilomita tamanin, muka shiga Kaduna takwas saura minti goma.

Mai kula da kwamfutar reshen dattijo ne, Alhaji Shehu, fari tas da gemu. Sai da ya sa aka kawo mana shayi da ƙosai, ya tambayi mutanen birni unguwa-unguwa, sannan ya yaye ƙyallen da yake lulluɓe allon da shi. Mama ta zauna ta buga suna da kalmar sirri da hannunta. Ni ina jiran alamar dala ta fito, wadda tamu ke nunawa in ta shirya karɓar umarni. Ina! Sai ga rubutu: *Salamu alaikum.* Daga nan ta tsaya cik.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Sallama mana, Malam Nasiru. Ni na sa. In ba a amsa ba sau uku, ta rufe ƙofa." Ya gyara zama. "Ai sati biyu ke nan wani mara kunya ke shigo mini daga Zariya, ba sallama ba gaisuwa, sai jero umarni kamar uban gidana."

Wallahi nan take na gane. Mara kunyar nan Mai-gwaji ne, kuma ba ɓangaren Mama ba ne. Tarhonta yana shiga lafiya lau. Uwar da na rubuta ce ke kutsa kai.

Maimakon in amsa laifi, sai na hau faɗa. Na ce Alhaji ya cire abin nan, kwamfuta ba zaure ba ce. Ya ce in dai yana kan kujerar nan, ko gwamna ne sai ya amsa. Na ce shi ke nan, na buɗe uwar na liƙa mata layi uku: in Kaduna ce, a amsa sallama. Aka gwada, ya shiga. Na dubi Mama ina hura hanci. Ita ko kallona ba ta yi ba, rubutu take a littafinta.

"Injiniyan gobe," ta ce, "in aka buɗe reshe a Bauci fa? Ka ƙara wani facin?"

Na kwana gidan kawuna a Tudun Wada, ita ta sauka wajen ƙanwarta a Kakuri.

Alhamis: Kaduna zuwa Jos

Bakwai daidai muka tashi daga Kawo a wata bas da ke yoyo ta taga. Direba ya miƙo mana tsumma ya ce kowa ya taimaki kansa. Muka bi ta Pambeguwa, goma da rabi muka tsaya Saminaka aka sayi gasasshiyar masara. Na buɗe dambun Inna, Mama ta ci ta ce in gaya wa Inna barkono ya yi daidai, ɗanta ne kawai ya yi yawan yaji.

A hanya na leƙa littafin. Ta raba shafi biyu da layi. Hagu ta rubuta *duka suna yi*, dama ta rubuta *kowa da nasa*. Na tambaye ta, ta ce tukuna, sai mun ga ta Jos. Can gaba ta ce, "Ka san ba tafiretar nake gudu ba. Hannuna bai manta ba. Amma shekara goma sha tara ina gaban injin nan, Nasiru. Ranar da na fara sa shi ya buga sunana, kuka na yi." Na juya ina kallon duwatsu. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Ɗaya da rabi muka shiga Jos, sanyi ya tarbe mu tun daga unguwar Mista Ali. Wutar ofis ta ɗauke, aiki sai gobe. Mai kula da kwamfutar can, Malam Gyang, ya kai mu masaukin ma'aikata, matarsa ta aiko da gwaten acca mai zafi a kula.

Juma'a: Jos

Takwas muna gaban allo. Wannan kwamfuta tsohuwa ce, Malam Gyang yana ce mata Kaka. Ba ruwanta da sallama, amma in ka ba ta kalmar sirri sai ta yi daƙiƙa arba'in tana gurnani kafin ta farka, kuma alamarta ba dala ba ce, ta kashi-cikin-ɗari ce. Uwata kuwa daƙiƙa goma take jira, ta ajiye tarho.

Na ja kujera zan sake faci. Mama ta ɗora littafinta a kan maɓallan.

"Tsaya. Duba nan."

A hagu abu huɗu ne kacal: buga tarho, aika umarni, karanta amsa, ajiye tarho. A dama abu uku: yadda ake gaisawa, tsawon jira, da alamar shiri. Ƙarƙashin kowanne ta rubuta na Zariya, na Kaduna, na Jos.

"Uwar nan taka 'yar Zariya ce zalla," ta ce. "Ka cika mata ciki da al'adar gidanmu, ka ce kowa ya gada. Bar mata huɗun nan kawai. Ukun nan ka ambaci sunansu a wajenta, amma ka bar gurbinsu fayau, ta tilasta wa kowane ɗa ya cika nasa. Ita kanta kada ta taɓa kiran kowa. Ta Zariya ma ɗa ce kamar sauran, ba uwa ba ce. Yaren kwamfutarku na zamani zai iya haka?"

Zai iya mana. A aji uku na jami'a aka koya mana, na ci jarabawa a kai. Ita da ban taɓa zaunar da ita na nuna mata ba, don ina jin daɗin a ce ni kaɗai na iya, ita ce ta gano shi da biro da littafin 'yan firamare.

"Mama," na ce, "laifina ne tun farko. Kuma na yi shiru a gaban Injiniya."

"Na sani tun ranar Laraba. Share hancinka mu yi aiki."

Kafin azahar na sauke wa uwar kayan da ba nata ba, na kankare facin Kaduna, na mayar da al'adar Zariya cikin ɗanta. Na tafi masallacin Juma'a na bar mata misalin ɗa guda a allo. Da na dawo biyu da rabi, ta rubuta na Jos da na Kaduna, kowanne bai kai layi ashirin ba, kuskure biyu kawai, su ma na waƙafi. Muka gwada Kaka, ɗan ya jira ta har ta gama gurnaninta. Malam Gyang ya tafa ya ce yau Kaka ta sami jika mai haƙuri.

Asabar: Jos zuwa gida

Shida da rabi muka kama hanyar Zariya kai tsaye, kilomita ɗari biyu da wani abu. Taya ta fashe kafin Soba, muka yi minti arba'in a gindin ɗorawa. Sha biyu da kwata na hango dutsen Kufena. Mama ta sauka a Ɗanmagaji, ta ce in gaida Inna. Inna kuwa tambayarta ta farko, ko faya-fayan sun ƙoshi.

Litinin

Tara daidai Injiniya Bello ya shigo, hannu a aljihu. Kafin a kunna komai na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ɓangaren Mama bai taɓa samun matsala ba. Tsarina ne ya karkace, ita ta miƙe shi."  Injiniya ya nuna allo da haɓa.

Zariya ta wuce. Jos ta wuce, bayan daƙiƙa arba'in da suka yi mini kamar shekara. Aka kira Kaduna. *Salamu alaikum* ta fito, nan take ƙarƙashinta ɗan Mama ya rubuta: *Wa alaikumus salam, Alhaji. Rifkatu ce daga Zariya, an tashi lafiya?* Ƙofa ta buɗe.

Ba a yi minti biyar ba tarhon ofis ya yi ƙara. Injiniya ya ɗauka, har daga inda nake ina jin muryar Alhaji Shehu: "Yawwa! Sai yau aka aiko mini da mai tarbiyya. Wannan baiwar Allah ku riƙe ta da kyau." Injiniya ya ajiye, ya ɗauki littafin 'yan firamaren ya daɗe yana duba shafin nan mai layi a tsakiya. Sannan ya ce, "Madam, in an buɗe Bauci ke za ki je." Ya fita.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Alhaji Shehu da ya ƙi jin maganata, da Malam Gyang da mai ɗakinsa, da Inna mai dambu. Ita kuwa Mama, da na buɗe baki zan yi mata godiya, sai ta goge ido da gefen gyalenta, ta jawo kujera kusa da tawa ta buɗe sabon shafi.

"Ajiye godiyarka," ta ce. "Fara daga farko, duk abin da ka ɓoye mini. Kuma a hankali, ni ma daƙiƙa arba'in nake ɗauka."